Yadda Na Zaunar da Magaddai Biyu a Darduma Ɗaya

Hannunta na fara gani kafin in ga fuskarta. Ina zaune a bakin tagar ofishin yaɗa labarai na ƙaramar hukumarmu, da wani littafin soyayya ɓoye a cikin fayil, sai na hango hannu a sama can gindin bishiyar bedin da ke tsakiyar sakatariya, yatsun sun sha lalle, yana kaɗawa a hankali, gabas, yamma, gabas. A littattafan da na tashi da su, in mace ta ɗaga hannu haka, to labari ya fara. Na miƙe tsaye, na gyara hula, na ɗaga nawa hannun na kaɗa mata da duk ƙarfin zuciyata. Sai da ta juyo na ga ashe waya ce a hannun. Sabis take nema, don a sakatariyarmu a gindin bedin nan kaɗai yake sauka.

"Malam, kai ma ba ka samu ba ko?" ta ce. "Matso nan, nan ya fi kamawa."

Malama Rabi ke nan, malamar firamare, mijinta ya rasu ta koma gidan mahaifinta, Magajin Unguwar Rafi. Ni kuma lokacin innarku, Allah ya jiƙanta, ta daɗe da rasuwa, gemuna ya fara furfura, Yaya Asabe ce ke riƙe da gida da ku. Ina rubuta wannan ne don na gaji da jin abin da goggon taku take faɗa a kowane biki da suna, wai Malama Rabi ta ƙi ni ne saboda waƙoƙin da nake rubuta mata. Ba haka ba ne. Waƙoƙin ba su da laifi. Shafin intanet ne ya raba mu, kuma tunda dattawan da abin ya shafa duk sun riga mu gidan gaskiya, bari in gaya maku yadda aka yi.

Na fara zuwa zance Unguwar Rafi da damina, bayan la'asar, a kan babur ɗina. Lokacin ana bin hanyoyin nan namu ba fargaba, mutum ya tashi daga Ƙanƙara ya ratsa Faskari ya kwana Sabuwa, abin da zai tsorata shi bai wuce taɓo ba. Ana shimfiɗa mani tabarma a zaure, Malama Rabi ta fito da littattafan ɗalibai tana dubawa, ni ina zuba kalamai, ita tana sa jan biro. Shirun nan nata na ɗauke shi kunya ce irin ta jarumar labari. Da magabatana suka je, Magaji bai ƙi ba. Ya ce a bari a kai amfanin gona gida tukuna, sannan a tsai da magana.

A cikin wannan jira ne Ciyaman ya dawo daga wani taro a Katsina ransa a ɓace. An tambaye shi adireshin shafin ƙaramar hukumarsa, ya ba su kwatancen sakatariya, har da kwanar mai ƙosai. Ya tara mu ya ce kafin kaka yana son shafi, ya kafa kwamiti, ya ce ni ne sakatare tunda ni ne mai yaɗa labarai. Aka ɗauko Injiniya Sabi'u daga Funtuwa, wani dogon magidanci da ba ya rabo da gyaɗa a aljihu, wanda duk abin da aka ce masa amsarsa ɗaya ce: ba matsala. A zaman farko ya shimfiɗa babbar takarda a tebur, ya zana akwatuna, ya ce kafin a taɓa kwamfuta sai an san wa zai shiga shafin da abin da zai zo nema.

"Hotona," in ji wani kansila.

Abubuwan da mutane ke wahalar zuwa sakatariya dominsu, ranar rabon taki, ranar rigakafin yara, yadda ake samun takardar shaidar ɗan ƙasa, ranakun kasuwanni, duk mun gama da su kafin shayi ya huce. Abin da ya ci mana makonni shi ne gaisuwa. Dattawan kwamiti suka ce shafin farko zaure ne, kuma ba a shiga zauren mutum a tarar da maganar taki kafin sallama. Injiniya ya rubuta barka da zuwa. Suka ce wannan gaisuwar otal ce. Sai da aka sa sallama, da ina kwana, da ina gajiya, da yaya ruwa, da yaya iyali. Wani ya tambaya in mutum ya shiga da yamma fa, ina kwana za a ce masa? Injiniya ya ce ba matsala, ya koya wa shafin duba agogo. Ni aka ba aikin rubuta tarihin ƙaramar hukuma, na kuwa saki alƙalami. Na ce ƙasarmu budurwa ce mai dogon wuya, ta kishingiɗa tsakanin duwatsu, masara da dawa su ne gashin kanta, fadamunta dara-daran idanu ne masu cike da hawayen bege. Na karanta wa kwamiti.

"Malam Lawal," in ji Ciyaman, "in mutanen Abuja suka karanta wanga, kwalta za su kawo mamu ko lefe?"

Aka rage budurwar, aka bar duwatsun.

Sai muka zo shafin sarakuna. Hakimi a sama, wannan ba gardama. Magaddai a ƙasa, kowa da hotonsa, an jera su bisa tsufan sarauta. Nan muka ci karo da abin da kowa ya sani amma ba mai son faɗa. Unguwar Rafi da Unguwar Tudu suna kallon juna, ɗan gulbi ne tsakaninsu, kuma rana ɗaya aka naɗa kakannin magaddansu. Kowane gida ya rantse rawanin kakansa aka fara naɗawa. Tun daga nan ba su zama a shimfiɗa ɗaya, ba su auren juna, ɗaya ba ya shiga ƙofa bayan ɗaya. In ana taro a sakatariya, ta ƙofar gabas wannan yake shiga, wancan ta ƙofar yamma, masinja yana tsaye yana tafa hannu don su taka ciki tare. Yanzu ga mu da akwatuna biyu a takarda, kuma ɗaya daga cikin mutanen nan shi nake fatan ya zama surukina.

Ni na samo dabarar, kuma har gobe ina alfahari da ita. Magajin Rafi malamin zaure ne, bai taɓa karatun boko ba, daga dama yake fara karatu. Magajin Tudu ya yi elemantare, har ya taɓa zama malamin haraji, daga hagu yake farawa. Na ce a sa su a layi ɗaya, girma ɗaya, Magajin Rafi a dama, Magajin Tudu a hagu. Injiniya ya buga mani samfuri a takarda, na kai wa kowa nasa daban. Magajin Tudu ya sa tabarau ya aza yatsa a hagu ya ce, "To, an fara da inda ya kamata." Na ce masa ya kwantar da hankali, na yi alkawari ba wanda zai hau kansa a shafin nan. Magajin Rafi ya duba ta dama, ya yi murmushi, ya juya ga ƙanensa.

"Yaron nan shina da hankali," ya ce.

Ina da furfura a gemu, amma ranar a kan babur waƙa na yi ta yi har gida.

Aka buɗe shafi a babban ɗakin taro, da majigi, bango guda ya cika da shi. Magaddan biyu suka taka ciki tare, kowa ya ga kansa a gaba, kowa ya gyaɗa kai. Aka yi addu'a, aka raba lemo. Abin da ba wanda ya tuna a duk kwamitin shi ne, mu a babbar kwamfutar ofis muka yi ta aikinmu, fuska mai faɗi kamar faifai, alhali duk ƙasar nan ba mai kwamfuta a gida. Da waya za a duba. Ni kaina wayata irin mai madannai ce, tocila da rediyo kawai ta iya.

Yaya Asabe ce ta kawo mani labari. Ta dawo daga kasuwar 'Yargoje ko mayafi ba ta cire ba, ta tsaya a kaina ina cin tuwo.

"Lawali, me Magajin Rafi ya yi maka?"

Na ce alheri.

"To don me ka sa aka taka mashi rawani?"

Ke Ummi, ke kika miƙo mani wayarki, kina danne dariya da gefen hijabi. Na duba. Fuskar waya siririya ce, ba ta ɗaukar mutum biyu a jere, don haka ta ɗora su ɗaya bisa ɗaya, ta fara da na hagu. Magajin Tudu a sama. Kuma hotonsa na tsaye ne, ya sha babbar riga, ga takalmansa masu kwalliya, sun sauka daidai a kan rawanin Magajin Rafi. Na juya wayar a kwance suka koma jere. Na miƙar da ita suka sake hawa. Na ce to ai sai a gaya wa mutane su riƙa kwantar da waya. Yaya ta ce in je kasuwa in gaya masu da kaina, ga samarin Tudu can suna yawo da waya a miƙe kamar tuta.

Na kira Injiniya. Ya ce ai haka waya take, dabara ce ta zamani don kada hoto ya matse, kuma ba matsala. Na ce masa Injiniya, wannan karon akwai matsala.

Da na je zance ba a shimfiɗa tabarma ba. Malama Rabi ta fito ta tsaya a bakin zaure da kwanon gyaɗa tana ɓarewa. Na zaci zan tarar da idanunta sun kumbura. Ba su kumbura ba, na ce a raina ciwon ya wuce na hawaye.

"Baba ya ce a gaya maka bai yi fushi ba," ta ce. "Ya ce kawai ba ya iya ɗaga kai ya dube ka, akwai takalmi a bisa."

Injiniya ya kawo tasa dabarar. Ya ce zai sa shafin ya riƙa canza su da kansa, duk wanda ya buɗe, ko wannan ya hau ko wancan, ba mai iya sani. Kwamiti ya ce adalci ke nan. Ba a yi mako ba teburin kowane mai shayi ya zama filin dambe. Samarin garuruwan biyu su zauna fuska da fuska, a buɗe shafi, a rufe, a sake buɗewa, in Rafi ya hau a yi ihu, in Tudu ya hau a buga benci. Tsofaffin mata suna aika jikoki a dubo masu wa ya kwana a sama. Wani ya je wurin malami a yi masa addu'a a kan waya. Ciyaman da farko murna yake yi, yana cewa shafinmu ba ya hutawa, jama'a sun waye. Ba wanda ya karanta ranar rabon taki. Sai da aka karya wa mai shayi benci aka kifar da tukunya, liman kuma ya taɓo zancen caca a huɗuba, sannan Ciyaman ya kira ni ya ce in kashe wutar nan kafin kaka ko ya rufe shafin ya rufe ni tare da shi.

Ranar da na dawo daga wannan kira na tarar da ƙanen Magajin Rafi yana jirana a ƙofar gida. Ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gona, ya tambayi babur, sannan ya ce yayansa ba ya neman komai a wurin kowa, amma in aka wayi gari aka ga rawani ya koma inda rawani yake zama, kuma ya tsaya a can, to ana gama yankan dawa za a ɗaura aure. Na tambayi Injiniya, ya ce aikin danna abu ɗaya ne.

Aka yi zama a tsakar gida bayan la'asar, kuna nan kuna ji.

"Danna mana," in ji Yaya Asabe. "Magajin Tudu shi za ya dafa maka tuwo? Ni hwa na tsufa, gwiwata ta gaji da murhun gidan nan."

Na ce na yi wa mutumin alkawari.

"Alkawari a kan waya! Ummi, kin ji ubanki. An ba shi mata a hannu shina ta'aziyyar takalmi."

Gaskiyar magana, ba alkawarin kaɗai ya riƙe ni ba. A duk littattafan da na karanta, mutumin da ke samun amarya ta hanyar yi wa uba alfarma ba shi ne jarumi ba. Shi ne mai tumbin nan da mota, wanda ake tsana tun shafin farko, wanda a ƙarshe yake tsiyacewa. Ban yarda in zama shi ba. Ina son Malama Rabi, kuma ina son in same ta yadda jarumi ke samu, kowa yana share hawaye yana sa albarka. Sai na koma wurin Injiniya na tambaye shi ko akwai abin da waya ba ta iya rabawa.

"Hoto ɗaya," ya ce. "In suna cikin hoto ɗaya, ko ta matse su sai dai ta matse su tare."

Na ce waɗannan ko a makabarta ba su tsayawa kusa da juna. Ya jefa gyaɗa a baki ya ce ba sai sun tsaya ba, zai yanko kowa daga hotonsa ya haɗa su a kwamfuta. A nan zan yi wa Injiniya adalci. Shi farin bango ya so ya sa, da layi a tsakiya, kowa ya ga hotuna biyu ne aka jera. Ni na ce layi tsakanin dattawa biyu ba kyau, kuma farin bango kamar hoton katin zaɓe yake. Na je na zaɓo hotuna mafi kyau a ofis. Na Magajin Rafi an ɗauke shi a wurin suna, yana zaune ya miƙa hannu da goro. Na Magajin Tudu a wurin ɗaurin aure, shi ma a zaune, ya karkata kai yana dariya da wani. Na sa Injiniya ya shimfiɗa masu jar darduma, ya sa rana tana faɗuwa a bayansu, da 'yan tsuntsaye, irin yadda ake yi a bangon littafi. Na so a sa furanni ya ce a yi haƙuri. Da ya gama na tsaya ina kallo har idona ya kawo ruwa. Rafi a dama, Tudu a hagu, ba na sama ba na ƙasa. Wallahi abin da na gani ke nan kawai.

Mutane ba haka suka gani ba. Sun ga Magajin Rafi yana miƙa wa Magajin Tudu goro, Magajin Tudu yana karɓa da dariya, a darduma ɗaya. Kafin azahar labari ya kai Mabai, kafin la'asar wani direba ya kawo shi daga Tafoki da ƙarin cewa har kuka suka yi. Mata suka yi ta guɗa a gidaje. Maroƙa suka kasu biyu, rabi ƙofar wannan, rabi ƙofar wancan. Mutanen da ba su taɓa haye gulbin nan ba sai da dalilin gawa suka naɗe wando suka haye, ana rungumar juna. Sai ga manzon Hakimi a kan babur da saƙon yabo, ya ce abin da iyaye suka kasa 'ya'ya sun yi, Allah ya yi masu albarka. To, wane dattijo ne zai miƙe a gaban manzon Hakimi da maroƙa da jama'ar gari ya ce a'a, ni ban shirya da ɗan'uwana musulmi ba? Magajin Rafi ya karɓi barka, ya ce ai na Tudu ne ya zo ya same ni. Magajin Tudu ya karɓi barka, ya ce ga shi nan a hoto, wa ya miƙo goro?

Bayan 'yan kwanaki aka aiko kirana, ba Rafi ba, ba Tudu ba, gindin wata tsamiya a bakin gulbi. Na je da hantsi, na sa farar riga, don na ɗauka ranar ɗaurin aure za a sa. Na tarar da su biyu, kowa da buzunsa, gefen buzayen yana taɓa juna, ba kowa sai mu. Na durƙusa na yi gaisuwa, na rasa wanda zan fara duba, sai na dubi tsamiya.

"Malam Lawal," in ji Magajin Tudu, "yaushe na yi wannan dariya?"

Na yi bayani, na kawo waya, na kawo darduma, na kawo kyakkyawar niyya. Suka saurara har na gama. Suka ce hoton zai zauna yadda yake, tunda Hakimi ya sa albarka, kuma duk wanda ya ji gaskiyar zancen to daga bakina ne. Na ce na ji na yarda. Na jira sauran. Magajin Rafi ya daɗe yana jan tasbaha.

"Mutumin da ya iya zaunar da ni inda ban zauna ba," ya ce, "ya sa ni kyautar goron da ban bayar ba, in ya zama surukina ban san inda zan farka in gan ni ba."

"Gaskiyarka, ɗan'uwa," in ji Magajin Tudu.

Suka dubi juna, kowa ya ɗan razana. Tun zamanin kakanninsu ba a taɓa samun abin da gidajen nan biyu suka yarda a kansa ba, sai ni.

Duk da haka ban fid da rai ba. Malama Rabi ba yarinya ba ce, bazawara ce mai ikon kanta, in ta ce ni take so ba mai hana ta. Na same ta a makaranta bayan an tashi yara, tana kulle aji. Na shirya jawabi tun daga gida, da misalin wata da taurari. Ta bari na kai rabi, sannan ta ce in zauna a kan dakalin nan.

"Malam Lawal, ka san Malam Isiya, malamin dabbobi?"

Na san shi. Ɗan Magajin Tudu ne, wani mai shiru-shiru da kullum yake warin maganin shanu, matarsa ta rasu shi ma.

"Tun muna firamare muke son juna," ta ce. "Ba mu taɓa faɗa wa kowa ba, don ba amfani. Aka yi mani aure, aka yi mashi. Da na dawo gida na ce shi ke nan, gulbin nan ba ya hayuwa. Kai mutumin kirki ne, da na aure ka, kuma da ban yi nadama ba. Amma shekaranjiya Malam Isiya ya hayo da rana tsaka, ya yi sallama a zauren Baba, aka shimfiɗa mashi tabarma. Kai ka yi wannan. Ban san da bakin da zan gode maka ba."

A littafi, a irin wannan wuri jarumi yakan dafe ƙirji ya yanke jiki ya faɗi. Na duba ƙasa, awaki sun kwana a wurin, ga ni da farar riga. Sai na zauna daram. A nan ne na gane cewa duk watannin nan labarin da nake ciki ba nawa ba ne. Akwai wani mutum a kowane littafi, abokin kirki, mai kai saƙo, mai sasanta iyaye, wanda a babin ƙarshe ake ganinsa yana raba goro. Na karanta shi sau ba adadi ban taɓa tambayar yadda yake ji in ya koma gida ba. Na ce mata Allah ya sanya alheri. Na tambaye ta waƙoƙin fa. Ta ce ta karanta su duka, ba ta sami kuskuren rubutu ko ɗaya ba, kuma daga bakin malamar firamare wannan ba ƙaramin yabo ba ne. Ku gaya wa goggonku.

Aka ɗaura aure bayan an kai dawa rumbu, garuruwa biyu suka cika fili ɗaya. Ciyaman ya ce wannan shi ne babban labarin shekara, a sa shi a shafin farko, kuma mai yaɗa labarai ne zai rubuta. Na rubuta. Ban sa wata ba, ban sa taurari ba, na ce an ɗaura, Allah ya ba da zaman lafiya. Ciyaman ya ce bai taɓa ganin rubutuna ya yi kyau haka ba. Yaya Asabe ta ci gaba da fama da murhu, ni na ci gaba da jin labarin gwiwarta.

Magaddan biyu kuwa, tun suna zama tare don idon jama'a har abin ya zame masu jiki. Jikoki suka haɗa su, sannan tsufa. Aka riƙa ganinsu a gindin tsamiyar nan suna gardamar farashin shanu da wanda ya fi wani ciwon baya. Magajin Tudu ya riga rasuwa. Bayan shekaru, na riga na yi ritaya, sai aka aiko Magajin Rafi yana nemana. Na tarar da shi a zauren da na yi ta zaman zance, ya rame, idonsa ya kusa tafiya. A bango, sama da kansa, ga hoton nan an wanke shi babba an sa gilashi, jar darduma, faɗuwar rana, 'yan tsuntsaye. Baƙi ne cike da zauren, yana ba su labarin ranar da aka ɗauka. Ya ce ranar an yi yayyafi da safe. Ya ce dardumar tasa ce, daga Makka ya zo da ita. Ya ce goron fari ne, marsa, ya ware shi musamman. Da aka ce masa ga Malam Lawal, ya lalubo wuyan hannuna ya riƙe.

"Ga wanda ya ɗauka nan, ku tambaye shi. Malam Lawal, ba kai ka ce mu matso kusa ba?"

"Ni ne, ranka shi daɗe."

Ya ɗaga kai wajen bango, ko da yake na san ba ya ganin komai sai hasken gilashi.

"Ya yi dariya sosai ranar nan, ko?"

"Ya yi, ranka shi daɗe."

"Ni na ba shi dariyar," ya ce wa baƙin, bai saki hannuna ba.